Ranar da Murdo ya kwance jirgin da matarsa ke ciki

Matso da kujerar ta wannan gefen, Paeru, kunnen hagun ya daɗe da ajiye aiki. In na yi shiru kada ki ɗauka na gama, numfashi ne ke min gardama, ki jira ni. Kuma kada ki sa sunana a sama, labarin ba nawa ba ne. Na Murdo Geddes ne, mutumin nan mai hular ulu da hotonsa ke manne a jikin firij. Kin sha tambayata dalilin da nake jan labule duk yammar da jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido zai tashi. To rubuta.

A kan tudun nan na bayan coci aka haifi Murdo, gidan da yanzu aka shafa wa shuɗin fenti. A ciki aka haife shi, a ciki ya yi aure, a ciki ya mutu. Ubansa ɗan dako ne a kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, kakansa ma haka. Yana da shekara goma sha biyar ya bar makaranta ya gangaro kwata, tun daga nan barci kawai ke mayar da shi saman tudun. Shekara goma ya yi yana dako, sannan shekara arba'in da ɗaya yana ɗaure jirage yana kwance su. Ni kuwa daga tsibirin Mangaia na zo ina saurayi, na yi shekara shida a mayanka ina fiɗar tumaki har sanyin wurin ya shige min ƙashi, sannan na samu aikin igiya a ƙarƙashinsa. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka iya karatu?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Madalla. Masu karatun sun ishe ni. Igiya na tahowa, su suna duban takarda."

Aikin igiya in kina hangensa daga nesa kamar ba komai. Jirgi ya matso, a jefo miki siririyar igiya mai dunƙule a baki, ki ja ta, ita kuma ta jawo uwar igiyar, mai kauri kamar cinyata ta da, jiƙe sharkaf, a taru a ɗaga kunnenta a zura a turken ƙarfe. Shi ke nan. Amma ba ta san lokaci ba. Ranar Kirsimeti, ranar auren 'yarka, ana ƙanƙara, duk ɗaya ne a wurinta. Kuma kullum kai ne wanda ake bari. Jirgi ya zo ya same ka a tsaye, ya tafi ya bar ka a tsaye.

Murdo ba mai faɗa ba ne, amma akwai abu ɗaya da zai iya zagin mutum tas a kai. Ki rubuta wannan da kyau, don a kansa komai ya rataya. In igiyar jirgi biyu za su haɗa turke ɗaya, ba a ɗora ta biyun a kan ta farko. Sai ka cusa kunnen ta biyun ta ƙasa, ta cikin kunnen ta farkon, sannan ka zura a turke. In ka yi haka, duk jirgin da ya riga tashi igiyarsa za ta fita salin alin. In kuwa ka yi lalaci ka ɗora a sama, ta ƙasan ta maƙale ke nan, sai mai ta saman ya sassauta tasa. Makona na farko na ɗora a sama, Murdo ya sa na cire na sake sau tara, ana ruwa, yana tsaye yana cin tuffa.

Yana da wata al'ada kuma. In igiyar ƙarshe ta faɗa ruwa, sai ya ɗaga hannu biyu sama don mutanen jirgin su ga an gama. Sannan ya zura hannayen a aljihu ya ce, "Wannan ma ya tafi." Sai mu koma rumfa mu sha shayi. Shekara ashirin da shida ina jin maganar nan, ba ƙari ba ragi.

Matarsa Raewyn, mu Mama Rae muke ce mata. A masaƙar ulu ta yi aiki har aka rufe ta. Allah bai ba su haihuwa ba, sai kyanwa ɗaya bayan ɗaya. Ita ba 'yar nan ba ce. Ubanta mai tsaron fitilar jirage ne, can ƙuryar ƙasa ta kudu maso yamma, daidai inda lungunan teku suka fara. Tun tana shekara huɗu har ta kai goma sha ɗaya a can take, iyali uku ne kaf a wurin, ba hanya, ba kanti, sai jirgin da ke kai musu gari da kananzir. Ko yaushe aka zauna sai ta kawo zancen gidan. Na uku daga hasumiyar fitilar, mai jan rufi, uwarta ta shuka fure layi biyu daga ƙofa zuwa wurin shanya, iska ta hana komai tsayi amma furen bai fasa fitowa ba. Ba ta sake komawa ba, don ba ta inda za a bi. Jiragen 'yan yawo ne dai, in sun tashi daga nan da yamma, sukan gifta ta gaban wurin da wayewar gari kafin su shiga lungunan.

Tagar kicin ɗinta kwata take kallo. Duk bazara, in Oktoba ta kama, tumaki sun haihu, tuddai sun yi rawaya, farin jirgin farko ya shigo, sai ta ce, "Murdo, bana fa?"

Ya ce, "Bazara mai zuwa, Rae."

Ba ƙarya yake mata da gangan ba. Amma ke ma kin sani, lokacin da jiragen ke zuwa shi ne lokacin da ba a ba mai igiya hutu. Haka bazara mai zuwa ta yi ta zuwa sama da shekara ashirin.

Sai idonta ya fara. Da fari zare ne ba ta iya zurawa a allura, daga baya fuskar mutum in ya tsaya gabanta sai ta ga kunnuwa ba hanci. Likita a Dunedin ya ce tsakiyar ganin ne ke mutuwa, ba magani, kafin wani sanyin da ƙyar in za ta bambance wani abu ban da haske da duhu. A watan Agustan shekarar Murdo ya ajiye aiki. Ya yanki tikiti biyu na jirgin 'yan yawo, ya sayi madubin hangen nesa mai igiyar ratayawa a wuya. Ina gidan ranar da ya kawo, ina ji ta ce masa:

"Ni ba abincinsu nake so ba, ba rawarsu ba. Abu ɗaya ne, Murdo. In za mu gifta da asuba, ka tsaya gefena da madubin nan ka faɗa min ko gidan yana nan. Shekara arba'in da huɗu ban roƙe ka komai ba."

Ya ce, "Kin roƙe ni in daina shiga ɗaki da takalmin aiki."

"Ka daina?"

Wata biyu yana tsayawa a tagar kicin yana koyon madubin, yana karanta mata sunayen jirage.

Ta jirgin sama suka tafi Auckland, a can suka shiga jirgin. Daga nan ya biyo gaɓa yana tsayawa gari-gari, Tauranga, Napier, Wellington, Lyttelton, sannan nan tasharmu, washegari lungunan, daga can ya tsallaka Ostareliya. Ranar da ya iso nan, da ƙarfe takwas na safe muna jan igiyar baya, sai na ji murya daga sama.

"Noo! Da ƙafa ake ja ba da baki ba, rago!"

Na ɗaga kai, ga Murdo can a bayan jirgi, har da laktaye a wuya, ya leƙo kamar zai faɗo.

Na ce, "Tsoho, koma ciki ka ci kek, nan wurin ma'aikata ne!"

Sauran fasinja suka cika motoci suka nufi Dunedin. Su kuwa gida za su hau, su duba kyanwa, ita kuma ta ce ta gaji da shayin jirgi, butar shayinta take so. Suka biyo ta rumfarmu, tana riƙe da gwiwar hannunsa.

Ta ce, "Nooroa, ka san abin da mijina ya gani a Napier? Igiya. A Wellington fa? Igiya. Duk garin da za mu shiga ko za mu fita, in na laluba gefena ba kowa, yana can bayan jirgi yana duban yadda ake ɗaurewa."

Murdo ya ce, "Mutanen Lyttelton dai sun iya aiki."

"Ka ji ko? Sau biyar a rana ake ba mu abinci, shi yana tambayar masu farar riga inda zai samu kifi da dankali a takarda."

Muka yi dariya. Amma da ta juya tana gaisawa da wasu, ya zauna a kan bencin da ya saba, ya sauke ajiyar zuciya. Madubin na rataye a ƙirjinsa, ya ce ba ya cire shi sai zai yi wanka, kada ya manta shi wani wuri.

Ya ce, "Hutu aiki ne, Noo. Ban taɓa gajiya irin ta makon nan ba. Ka tashi ba abin yi, ka kwanta ba abin da ka yi. Gobe da asuba dai in sauke nauyin nan."

Suka hau tudu.

Yanzu ga nawa laifin, kada ki gyara shi, yadda na faɗa za ki sa. Da azahar wani jirgin gungumen katako ya shigo, aka ba shi wuri a bayan na 'yan yawon, igiyarsa ta gaba ta haɗa turke da tasu ta baya. Kwana uku ke nan ina tashi tun kafin asuba, tun da Murdo ya tafi ba a sa kowa a madadinsa ba, wani kuma ya kwanta mura. Ga iska, ga yayyafi mai sanyi, bayana kamar an sassara. Igiyar ta zo hannuna, na dubi kunnen ta ƙasa, sai na durƙusa kafin in cusa. Na ɗora a sama. Na sani sarai. Na ce kafin yamma zan dawo in gyara. Ban dawo ba, barci ya ɗauke ni a zaune a rumfa.

Ƙarfe shida jirgin zai tashi. Wajen biyar da rabi na fito, sai ga su suna gangarowa, ita da koren kwat ɗinta, shi da takalmin zuwa coci. Suna tafe sai ya ja ya tsaya cak. Daga inda yake ya hango turken. Iska ta tura jirgin katakon, igiyarsa ta miƙe tamau ta danne ta ƙasan, ko mutum goma ba za su ɗaga ta ba.

Na ji ya ce mata, "Shiga, Rae, ga ni nan, minti biyu."

Ta ce, "Murdo."

"Minti biyu na ce."

Wata ma'aikaciyar jirgin ta kama hannunta ta hau da ita gadar shiga jirgi. A lokacin ba irin na'urorin nan na yanzu, kati ne kawai ake nunawa a bakin ƙofa, kuma duk wata takarda ta Murdo tun aurensu a jakarta take zama. Ta miƙa katin biyu, aka rubuta mutum biyu sun shiga.

Ya iso wurina. Kallo ɗaya ya yi min, na gwammace mari. Ya tuɓe kwat ya ɗora a kan wani turken, ya nufi jirgin katakon yana ƙwala kira. Ba kowa a sama, duk suna ciki suna cin abinci. Muka yi ta jifan jikin jirgin da guntun katako har wani ya leƙo, shi kuma ba ya jin maganarmu, mu ba ma jin tasa. Murdo ya yi ta masa nuni da hannu, sassauta, sassauta. Mutumin ya tafi neman babbansu. Babban ya zo yana goge baki, ya tafi neman mai kunna inji. Jirgin 'yan yawon kuwa tsawonsa ya kai daga nan zuwa gidan mai, gadar tana can gaba, mu muna can baya, iska na kaɗa mana kunne. An busa ƙaho, na ji, shi ma ya ji. Amma ƙahon nan shekara arba'in abu ɗaya yake faɗa wa Murdo, wato yi sauri ka kwance. Bai taɓa ce masa yi sauri ka shiga ba.

Ni ma kada ki ce na tuna. Ganin Murdo a gefena a bakin turke shi idona ya saba da shi. Ko kaɗan raina bai ba ni wani abu ya karkace ba.

Da ƙyar igiyar saman ta saki. Muka sa kafaɗa mu biyu muka cire ta, muka zare ta ƙasan, muka mayar da ta katakon yadda ya kamata. Daidai lokacin aka yi mana alama daga sama a saki na baya. Muka saki ɗaya, muka saki biyu. Ta ƙarshen Murdo ne ya ture ni ya cire da kansa, ta faɗa ruwa tim. Ya ɗaga hannu biyu sama. Ya zura su a aljihu.

Ya ce, "Wannan ma ya tafi."

Muna tsaye muna kallo, ruwa ya buɗe tsakanin jirgi da kwata, taku biyar, taku goma. Har na juya zan nufi rumfa in ɗora buta. Sai idona ya sauka a kan madubin da ke ƙirjinsa.

Na ce, "Tsoho."

Ya bi idona da kallo. Ya dubi madubin, ya dubi takalminsa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Bai yi ihu ba, bai yi gudu ba. A hankali ya ɗaga madubin ya sa a ido. Ni ma ko ba madubi na hango koren kwat a bayan jirgi. Ta ɗauka ya shigo ya wuce wurin kallon igiyarsa kamar kullum, shi ne ta laluba ta je nemansa. Tana tsaye tana juya kai dama da hagu, fuskarta na kallonmu, ba ta ganinmu.

Bari in sha ruwa.

Muka je rumfa aka kira jirgin ta rediyo. Murdo ya roƙi a sa shi a ƙaramin jirgin da ke bin su ya ɗauko jagoran da ke fitar da jirgi a bakin teku, ya hau ta tsanin igiya. Kyaftin ya ce igiyar ruwa ta yi girma a waje, ba zai ɗora tsoho mai shekara sittin da shida a tsani ba. Ya ce gobe da la'asar za su tsaya a Milford, ruwa a kwance yake a can, in ya iso za a ɗauke shi. Milford kuwa shi ne lungu na ƙarshe. Fitilar tun da asuba an wuce ta.

Murdo ya ce a kira masa matarsa. Muka jira. Can mai rediyon ya dawo ya ce, "Ta ce a gaya maka mabuɗin gida yana jakarta."

Shi ke nan saƙon. A gidanmu ya kwana, kakarki ta shimfiɗa masa a falo.

Gari na fara haske muka tashi a tsohuwar motata. Ba mu kai Milton ba ya dubi agogonsa ya ce, "Yanzu suke giftawa." A Gore, da na tsaya shan mai na ce masa, "Tsoho, ni ne na ɗora igiyar nan. Zan faɗa mata da bakina."

Ya ce, "Kai ka ɗora. Hannun da ya ɗaga fa, na wa ne? Ja mota."

Awa shida muna tafiya, ta Te Anau, ta cikin ramin dutsen nan mai ɗigar ruwa. A Milford ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙananan ƙudajen nan masu cizo suka rufe mu tun kafin mu rufe ƙofar mota. Da la'asar jirgin ya shigo, a tsakanin duwatsun nan ya koma ɗan mitsitsi. Aka turo kwalekwale. Murdo ya shiga da kwat ɗinsa duk ya yamutse, bai waiwayo ba. Na juyo ni kaɗai, washegari ina da jirgi biyu.

Sauran daga bakinsu na ji bayan sun dawo. Mama Rae ce ta ba ni nata a kicin, tana ɓare wake da lalube.

Ta ce, "Na tashi da asuba na bi bango har waje. Iska kamar za ta cire min kunne. Fitilar kam na gan ta, Nooroa, wannan idona bai hana ni ba. Ta haska, ta ɗauke, na ƙirga tsakani yadda babana ya koya min. Da gari ya fara wayewa sai komai ya zama toka. Akwai wani kusa da ni da kyamara, na ce masa bawan Allah ko kana hango gida mai jan rufi? Ya yi dariya, ya ce wani abu da yarensu, ya ɗauke ni hoto."

Na buɗe baki zan yi maganar igiyar, ta ce, "Na sani. Da ya ja ya tsaya, sunanka ya kira a cikin haƙoransa. Miƙo min kwanon can."

Shi kuma Murdo ya ce da ya hau jirgin ya same ta a waje a zaune, an lulluɓe ta da bargo. Ya tsaya gefenta ya sa madubin a ido, ya shiga faɗa mata abin da yake gani, dutse iya ganinka, ruwa na zubowa daga sama kaurin igiyar baya, wani siriri kamar ta jifa. Ta bar shi ya yi ta yi. Sannan ta ce, "Bari, Murdo. Nan ban san kowa ba."

Ba ta zage shi ba, ko a lokacin ko daga baya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Abincinsa na nan a kan lokaci, rigarsa a goge. Zancen gidan ne kawai ta daina. Kafin Yuli idon ya tafi kamar yadda likita ya faɗa. Murdo ya koyi girki, ya koyi wanki, kuma tun daga nan duk yammar da farin jirgi zai tashi sai ya ja labulen kicin. Ita ba gani take ba, don kansa yake ja.

Da bazara ta zagayo ya zo ya same ni ya ce in kai shi Bluff. Ya samu wani mai jirgin kamun ƙaguwa da ke aiki ta wajen fitilar, ya yi ta masa naci har ya yarda ya tafi da shi. Kakarki ce ta koma gidan ta zauna da Mama Rae. Ki tuna mutumin nan duk rayuwarsa a bakin ruwa ya yi ta, amma bai taɓa kwana a ƙaramin jirgi ba. Kwana tara ya yi. Mai jirgin ya ce min kwana bakwai a ciki yana rungume da bokiti. Sau ɗaya teku ta lafa da safe, suka sauke shi a gaɓa, suka ba shi awa biyu. Da gwiwoyin nan nasa ya hau tudun.

Da na je ɗauko shi ban gane shi da wuri ba, wandonsa da igiya ya ɗaure. Kansa ba hula, hular tana hannunsa a dunƙule, bai ajiye ta ba har muka iso gida.

Tana zaune a kicin. Ta ji takunsa ta ce, "Ka cire takalmin?"

Ya koma ya cire. Ya zo ya ja kujera ya zauna gabanta.

Ta ce, "To?"

"Babu gidan, Rae. Duk ukun an kwashe. Hasumiyar ce kawai, ita ma ba kowa, da kanta take kunnuwa."



Ya ce, "Daɓen yana nan. Na uku daga hasumiya. Da matakala uku a bakin ƙofa."

"Huɗu ne."

"Uku na gani."

"Huɗu ne, Murdo. Ciyawa ce ta cinye ta ƙasan."

Ya ce to. Sai ya ɗora mata hular a cinya. Ta buɗe ta sa hannu. Tushen fure ne guda shida, irin mai kama da albasa, da ƙasarsu, furen rawaya duk ya yi yaushi. Da wuƙarsa ta aiki ya tono su. Ya ce layi biyu suke har yanzu, daga matakala zuwa inda ba komai, sun yaɗu sun wuce layin amma ana gane shi.

Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ni ina bakin ƙofa, na rasa in shiga ko in fita.

Can ta ce, "Da kana cikin jirgin ma, madubinka ba zai hango wannan ba."

Na ga kafaɗarsa ta sauko, kamar an ɗauke masa kaya.

Sai ta ce, "Amma da kana gefena."

Ta naɗe hular ta riƙe a cinyarta, ta ce masa ya tashi ya ɗora ruwan shayi, ya ba Nooroa kujera, mutum ya yi tuƙi tun safe.

A ƙarƙashin tagar kicin suka shuka su, ita ke nuna masa wuri da ƙafa. Ta ƙara shekara huɗu, shi ya ƙara shida. Ba su sake shiga jirgi ba, shi kuma bai sake taka kwata ba, ko ranar da aka yi min walimar ajiye aiki a ƙofar shiga ya tsaya ya miƙo min hannu. Waɗanda suka sayi gidan sun sake fenti, sun sake taga, amma furen bai san an sayar ba. In kin bi ta wurin makon nan za ki gan shi, ya kai bakin shinge.

Na gaji, Paeru. Ajiye alƙalamin. Tashi ki ja min labulen nan, na ji sun busa na farko.